Ku Tambayi Lauya: Bashi, Gonar Gado Da Maganar Beli

Tambaya: Assalamu alaikum Barista, dan Allah ina neman shawara. Ni ina sayar da atamfa da leshi ne a gida, wani ya karɓi kayana na naira dubu 850 akan zai biya bayan sallah, yau kusan shekara kenan kullum gobe jibi, yanzun ma ya daina ɗaga wayata. Yayana yace mu kaishi caji ofis su kulle shi in yaji wuya zai fito da kuɗin. Ban rubuta komai dashi ba sai hirarmu ta WhatsApp da dubu 100 da ya taɓa turo min ta banki. Ya zanyi? Daga wata 'yar kasuwa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya fito miki da haƙƙinki. Maganar caji ofis ɗin nan dan Allah ki ajiye ta gefe tukun. Nasan haka mutanenmu suka saba kuma nasan zafin da kike ji, amma 'yan sanda ba aikinsu bane karɓo bashi, dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Abun da yake bani tsoro ma shine in kika sa aka kulle shi akan bashi zalla, yana iya samun lauya ya juyo ya maka ki a Babbar Kotu akan tauye masa 'yanci, kinga ke da kike bin kuɗi sai ki wayi gari ana cewa ki biya diyya. Inda 'yan sanda suke da hurumi shine in akwai laifi a ciki, misali tun farko da ƙarya ya karɓi kayan, ko amana kika bashi ya kai wa wani ya cinye, ko ya baki cek alhali yasan babu kuɗi a asusun. A yadda kika bada labari kuwa ciniki kukayi ya ƙi biya.

Toh ina zaki je? A Kano akwai kotun ƙananan basussuka da aka fara tun 2019 a ƙarƙashin kotunan majistare, an buɗe ta ne da iyakar naira miliyan 5, kinga naki ya shiga ciki sosai. Ba dole sai da lauya ba, ke da kanki zaki iya tsayawa. Farko za a baki fom na takardar neman biya a kai masa, in bai biya ba sai ki cike fom ɗin ƙara a aika masa sammaci, kuma tsarin da aka yi mata shine a gama komai cikin kwana 60. In kin fi natsuwa da kotun shari'ar musulunci ita ma tana sauraron ƙarar bashi, can kuma ƙa'idar sananniya ce, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa.

Kince baki rubuta komai ba, ai Hajiya kin rubuta baki sani bane. Hirar WhatsApp ɗin nan kar ki goge ko layi ɗaya, kar ki canza wayar kar ki sayar da ita, musamman inda yake cewa kiyi haƙuri zan biya, wannan amsa bashi ne da bakinsa. Kije banki ki ciro takardar shige da ficen asusunki wadda ta nuna dubu 100 ɗin da sunansa, sannan ki tuna waye yake wurin ranar da ya ɗauki kayan, ko yaron da ya kai masa su mota. Wallahi yawancin masu gaskiya da suke faɗuwa a kotu rashin tattara irin waɗannan ƙananan abubuwan ne yake kayar dasu.

In kuma mutumin na gida ne ko maƙoci kina jin nauyin sammaci, Babbar Kotun Jihar Kano tana da sashen sulhu tun 2009, a zaunar daku a tsara biya kaɗan kaɗan a rubuta ku sa hannu, in alƙali ya amince da takardar ta zama kamar hukunci. Ni dai kar ki yarda da sulhun baki da baki kuma, tunda kin riga kin gwada shi shekara guda.

Tambaya: Barista barka da aiki. Mahaifinmu ya bar wa ƙaninsa gona aro lokacin da ya koma birni da zama, ya rasu muna yara. Yanzu mun girma mun nemi gonar a raba mana gado baffan namu yace tasa ce tunda shekara 17 yana nomanta. Mun kai ƙara kotun shari'a, muna da shaidu biyu ɗaya bashi da lafiya ranar, alƙali bai jira shi ba ya yanke hukunci ya ba baffa gonar. Shikenan mun rasa? Daga wani magidanci, Katsina.

Amsa: Malam Allah ya jiƙan mahaifinku. Baku rasa ba in kun motsa da wuri, amma fa da wuri, domin ɗaukaka ƙara kwana 30 ne daga ranar hukunci. In sun wuce ana iya roƙon kotu ta ƙara lokaci sai dai dole ka kawo dalili mai ƙarfi, kuma ba dole ta yarda ba. Gobe goben nan kaje wurin rajistaran kotun ka nemi kwafin shari'ar gaba ɗaya, kotun sama da abun da aka rubuta take aiki ba da abun da ka tuna ba.

Abun da baffanku yake jingina dashi shi malamai suke kira hauzi, wato mutum ya daɗe yana riƙe da abu mai shi yana gani bai yi magana ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi shekara 10 ne tsakanin bare da bare, amma tsakanin 'yan uwa ana kaiwa shekara 40 saboda ansan kara da kunya suna hana ɗan uwa magana. Shekara 17 kenan bata kai ba. Bayan haka hauzi baya cin abun da aka bada aro ko jingina ko amana komai daɗewarsa, kuma ba a lissafa shi akan yaran da basu balaga ba. Duk shari'ar taku ta tsaya ne akan abu ɗaya, ku tabbatar aro ne, shi yasa shaidan nan mara lafiya yake da muhimmanci haka.

Sai maganar i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci dole ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko magana, in yace akwai a bashi lokaci daidai gwargwado. Kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda rashin wannan kaɗai. Ka duba kwafin da kyau, in an rubuta ka nemi a jira shaidanka aka ƙi, ko babu i'izarin sam, ka samu babban dalilin afil.

Daga ƙaramar kotun shari'a babbar kotun shari'a zaka je. Daga can ne ake yawan ɓata hanya, domin sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a akan aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da riƙon yara, in rigimar ta zama ta wa ya mallaki ƙasa zalla to ana iya cewa ba huruminta bane. Taku tana tsakiya, ku kunce gado shi yace mallaka, dan haka a nan kam ka nemi lauya ya duba yadda aka rubuta da'awar tun farko. In babu hali akwai hukumar bada tallafin shari'a ta tarayya, tana da ofis a jihohi. Kuma ka sani shigar da afil kaɗai baya tsayar da hukunci, sai ka roƙi kotu daban ta hana a sayar da gonar kafin a gama, kar ka manta da wannan ko kaɗan. Sannan ka ja kunnen ƙannenka kar wanda ya shiga gonar da faɗa, baffanku ne har gobe.

Tambaya: An kama ɗana, naje belinsa akace mace bata beli sai na kawo namiji. Haka dokar take? Daga wata uwa, Abuja.

Amsa: A'a Mama, ba haka take ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 sashe na 167 ta hana a ƙi mutum tsayawa beli dan kawai mace ce. Ki koma da katin shaidarki da adireshinki ki nemi ganin shugaban ofishin, kuma ki tuna masu tsarin mulki yace a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Belin 'yan sanda kyauta ne, in an nemi kuɗi ki tambayi sunan jami'in ki rubuta.