Amsa ga mai tambaya kan sabuwar Honda Fit da gida mai sarrafa kansa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a ginin. Idan na fahimce ka, ka ga bidiyon wani gida a Amurka da ke cajin ƙaramar motar Honda da hasken rana, fitilu da na'urar sanyaya ɗaki duk suna kunna kansu, shi ne kake tambaya ko ka sayi sabon samfurin Honda Fit, ka kuma yi wa gidan da kake ginawa wayarin irin wancan tun yanzu. Ni sana'ata haɗa sola da inbata ce a nan Kano, kuma Fit nake hawa, ƙirar 2015, don haka ina da ɗan abin cewa a kan duka biyun.

Gidan da ka gani, bisa yadda ka kwatanta shi, shi ne Honda Smart Home da kamfanin ya buɗe a 2014 a harabar Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis. Gidan gwaji ne, ba na sayarwa ba. Motar da ke garejinsa kuwa Fit EV ce, mai aiki da lantarki zalla, wadda guda 1,100 kacal Honda ta ware wa Amurka, su ma haya ta bayar da su, ba ta sayar ba. Ita ta wannan gidan har sai da aka yi mata gyara na musamman don ta riƙa shan wuta kai tsaye daga farantan sola. Ka ga ke nan ko ka zagaye dillalan Kano da Kaduna da Kwatano, ba ita za ka tarar ba. Abin da ke kasuwa Fit ce mai shan fetur, ko mai haɗa fetur da batir. Ita wannan ta biyun ma ba a jona ta a bango, injinta da birkinta ne ke cika mata batir. Gidanka ba zai yi mata caji ba, ita ma ba za ta ba gidanka wuta ba idan an ɗauke.

To amma motar a karan kanta, ni dai ina yaba ta. Tun fitowarta ta farko a 2001 dabararta ɗaya ce: an ɗauke tankin mai daga ƙarƙashin kujerar baya an mai da shi ƙarƙashin kujerun gaba. Wannan ne ya ba kujerar baya damar kwanciya shafe da ƙasa, ko kuma ka ɗaga mazauninta sama ya jingina da majingini, ka danne ƙarfen ƙafarsa ya kulle, sai ga fili tun daga daɓen mota har rufi. A nan nake jera batura a tsaye, inbata a gefe cikin kwalinta, tsani mai naɗewa kuma in kwantar da kujerar gaba in zura shi ta but. Abokan aikina masu Corolla sai sun kira mai kurkura kafin su kai irin wannan kaya wurin aiki. Da aka sake mata fasali a 2013, wato zubi na uku irin tawa, an ɗan rage tsawon ta Amurka amma wurin miƙe ƙafa a bayanta ya ƙaru da kusan inci 5. Dogon mutum da babbar riga yana zama a baya ba tare da gwiwarsa ta tokari kujera ba. Tankinta lita 40 ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san darajar motar da ba ta da haɗama.

Zubi na huɗu, wanda nake zaton shi kake kira sabo, an nuna shi a bajekolin motoci na Tokyo a 2019, ya shiga kasuwar Japan a farkon 2020. An sirantar da ginshiƙan gilashin gaba, direba yana ganin kwana sosai, abin da zai yi maka rana a cikin 'yan adaidaita sahu. Sai dai ba a kai shi Amurka ba, can an daina sayar da Fit bayan ƙirar 2020. A Turai, inda ake kiranta Jazz, mai haɗa fetur da batir kawai ake sayarwa. Ta Japan da ta Ingila kuwa sitiyarinsu a dama yake, kuma ka san sai an juya shi kafin ta hau titinmu. Ni ba na ba kowa shawarar motar da aka juya wa sitiyari, balle irin ta yanzu da wayoyi da na'urori suka cika gabanta.

Abu biyu za ka yi haƙuri da su. Cikinta kusa yake da ƙasa, in unguwarku damina tana yanka hanya, za ka riƙa jin ƙarar gogar ƙasa har cikin ranka. Sai giya. Mai canza kanta ɗin nan, CVT, man giyarta daban ne, HCF-2 ake zuba wa zubi na uku. Bakaniken da ya ce maka "ai duk man giya ɗaya ne, Alhaji", ka karɓi makullinka ka yi gaba. Ka kuma yi hattara da mai haɗa fetur da batir ta Japan ƙirar 2013 da 2014, domin Honda da kanta ta yi ta kiran su gyara saboda matsalar giya. Kafin ka biya kuɗi, ka leƙa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka tambayi fitilar gaba da gilashi da shokozoba na ƙirar da kake so. In ka ga ana ta kiran Legas a waya, ka san abin da ke jiranka.

Yanzu gida, inda na fi son ka saurare ni, tunda gininka bai kai linta ba.

Masu bidiyo allon da ke bango suke nunawa, don shi ne ke ɗaukar ido. Abin da ya sa gidan Davis yake cin ƙasa da rabin wutar da sabon gida mai girmansa ke ci wajen sanyaya ɗaki da ɗumama shi da haske, yawancinsa a jikin ginin yake. Bango mai kauri ne ninki biyu da abin tare zafi a tsakani, tagogi masu gilashi uku, rufin da ke mayar da zafin rana, da inuwar da aka auna ta yadda ranar bazara ba ta faɗawa cikin ɗaki. A bayan gida an haƙa ramuka 8 masu zurfin ƙafa 20 ana amfani da sanyin ƙasa. Bayan duk wannan ne aka ɗora sola mai kilowat 9.5 da batir mai ɗaukar kilowat-awa 10. A lissafin farantan da muke kafawa yanzu masu wat 550, faranti 17 ko 18 ke nan. Batirin motar kuma kilowat-awa 20 ne, daidai da manyan baturan litiyam 4 irin waɗanda mai hali ke saya ɗaya ya ce ya huta. Wanda ya taɓa yin azahar a cikin soron ƙasa a watan Afrilu ya san kaurin bango ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Mu ne muka koma bulo mai inci 6 da kwano ba silin kirki, sannan mu ce sola ta ja mana na'urar sanyaya ɗaki uku.

An taɓa kira na wani gida da maigidan ya kashe kuɗi sosai, kowane makunni na taɓawa ne, ƙofar gareji da waya ake buɗe ta. Matsalar ita ce duk umarnin sai ya bi ta intanet ya je wata ƙasa ya dawo. Ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, uwargida tana tsaye a falo tana danna waya, fanka ta ƙi juyawa. Duk sanda aka sauya daga wutar gari zuwa janareto kuma, sai makunnan su mutu su farfaɗo, wasu fitilun su kama da kansu da tsakar dare. Ƙarshenta rabinsu muka cire muka mayar da na gargajiya. Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A 2022 kamfanin Insteon na Amurka, mai yin irin waɗannan makunnan, ya rufe na'urorinsa na intanet ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhajar ba ta aiki. A shekarar ne kuma aka fito da tsarin Matter, wanda Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya, don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna a cikin gida ko babu intanet. In za ka sayi wani abu nan gaba, ka duba wannan tambarin a kwalinsa, ka kuma tabbatar ana iya kunna shi da hannu.

Da ni ne kai, kuɗin makunnan nan silin mai tare zafi zan fara yi da su, in fitar da bakin rufi ya yi wa tagogin gabas da yamma inuwa. In ce wa mai wayarin ya raba layi biyu tun daga allon rarraba wuta: fitilu da fanka da firij da talabijin a layin inbata, dutsen guga da hita da abin dafa ruwa a ɗaya layin. Ya kai wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, cikin kowane akwatin makunni, domin yawancin makunnan zamani ba sa aiki sai da ita, kuma masu wayarinmu ba su saba kai ta can ba. Yanzu kuɗinta kaɗan ne, bayan filasta da fenti kuwa sai an fasa bango. A bar matakala ko wata hanya mai sauƙi zuwa rufi, saboda ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sosai, kuma farantin da sai an aro tsani kafin a wanke shi ba a wanke shi. Na'urar da ke kashe famfon burtsatse idan tanki ya cika, da fitilar waje mai kama kanta da magariba, waɗannan ka sa su tun ranar tarewa, ba ruwansu da intanet.

Sai ka binne bututun waya mai faɗi, babu komai a cikinsa, daga ɗakin batir zuwa inda za ka riƙa ajiye mota, a toshe bakinsa. Motocin lantarki na Sin sun fara shigowa, wasunsu har suna iya ba kayan gida wuta daga batirinsu. Ranar da ka sayi irinsu, waya kawai za a zura.

Ka turo mana shekarar ƙirar motar da dillalin ya nuna maka da hoton gabanta ta ciki, a duba ko an taɓa sitiyarin.