Tashoshi na ta ɓacewa a tele: in ɗaga parabol sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga bara zuwa bana tashoshi sai raguwa suke a dekodata. Wasu sun ɓace ɗungum, wasu murya ke fita babu hoto, wasu hoton ya riƙa kakkaryewa in hadari ya taso. Mai gyara ya ce parabol ɗin ce ta yi ƙasa, in sayi bututun ƙarfe mai mita 6 a kafa ta bisa rufi, kuɗin aiki jikka goma. Ga shi wayar wutar NIGELEC ta bi ta ƙofar gidana. Hankalina bai kwanta ba. Daga wani magidanci a unguwar Ali Dan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi bututun nan. Alamun da ka lissafa ba cuta ɗaya ba ce, kuma babu wadda tsawon ƙarfe ke warkarwa a cikinsu.

Tashar da ta ɓace ɗungum, galibi ƙaura ta yi. Gidan talabijin hayar wuri yake a tauraron ɗan adam, in haya ta ƙare ko ya samu mai rahusa sai ya canza mita ko ya koma wani tauraron, dekoda kuwa tana nan tana nemansa a tsohon gida. Shiga menu ka sa ta yi binciken makaho, wato ta laluba tauraron gaba ɗaya da kanta, minti 10 ya isa. Akwai kuma waɗanda hukuma ta tsayar: a watan Agusta 2023 aka dakatar da France 24 da RFI a Nijar. Irin wannan ba aikin mai gyara ba ne, kada wani ya karɓi kuɗinka a kai.

Murya ba hoto kuwa dekoda ce ta tsufa. Tashar ta bar tsohon tsarin aiko hoto, MPEG-2, ta koma sabo, MPEG-4 ko H.265, naka akwatin yana jin sauti amma bai iya karanta hoton. Sai sabuwa, ka duba an rubuta DVB-S2 da H.265 a jikinta, ba a kwali kawai ba. Kada ka ruɗe da DVB-T2: wannan na TNT ne, wato talabijin ta dijital da ke bi ta doron ƙasa, mai amfani da eriyar rake, ba ya kama tauraro.

Yanzu maganar ɗaga parabol, wadda ban san wanda ya fara shuka ta a garin nan ba. Tauraron da kake kamawa yana nisan kilomita kusan 36,000. Ka matsa masa da mita 6, me ka rage? Dabarar ta samo asali ne daga zamanin eriya, lokacin da ake kafa doguwar gora don a kamo Télé Sahel ko a tsinci tashoshin Najeriya ta wajen Katsina. Can tsawo na da amfani, don siginar tana bin doron ƙasa, gini da itace na tare ta. Parabol sama take kallo. A Maraɗi taurarin da aka fi kamawa, daga na digiri 16 gabas har na digiri 22 yamma, duk sun haura digiri 50 a sararin sama ta wajen kudu. Katangar gidanka ba ta kai nan ba. Parabol da aka dasa a tsakar gida da siminti, mita 3 daga bango, ta fi wadda ke lilo bisa rufi.

To me tsawon ke jawowa? Faranti mai faɗin santimita 90 a kan dogon bututu tamkar faifai ne a bakin iska. Guguwar farkon damina ta kaɗa shi digiri 2 kacal, hoto ya tafi, ka sake kiran mai gyaran nan, ka sake biya. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Babbar ita ce wayar da ka ambata. In ta babban layi ce, ba sai ƙarfe ya taɓa ta ba, wuta na tsallakowa in an kusanta, kuma wanda ke riƙe da gindin bututun shi ne hanyarta zuwa ƙasa. Yawanci ma yaro ake sa wa ya riƙe, maigyaran yana daga ƙasa yana cewa “ɗan karkata dama”. Sannan ga tsawa: ka kafa ƙarfen da ya fi komai tsawo a layinku, ka ja waya daga jikinsa har ɗakin da iyali ke kwana. Wanda ya ba ka shawarar nan, tambaye shi ko ya taɓa kafa sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake binnewa don wuta ta bi ta shige ƙasa, ka ga yadda zai yi ta kame-kame. Mutum ya sayi sukurdireba da ƴar mita a kasuwa, gobe ya zama injiniya, ba mai tambayarsa takarda, ba mai bin aikinsa.

Kakkaryewar hoto lokacin hadari: in ruwa na zuba da ƙarfi, ɗaukewar minti kaɗan ba laifin kowa ba ne, ruwa na shanye siginar Ku, wato irin wadda ƙananan parabol ke kamawa. In tun hadari bai iso ba take farawa, saiti ne ya goce ko ruwa ya shiga waya. A allon siginar akwai layi biyu. Na ƙarfi ko ya cika bai nuna komai ba sai cewa LNB, wato ɗan kan da ke fuskantar faranti, na samun wuta. Na inganci za ka duba: in yana ƙasa da kashi 60 cikin ɗari da rana tsaka, sassauta kusoshi, motsa farantin a hankali kamar faɗin yatsa, jira daƙiƙa 5 kafin ka sake motsawa. Sannan kwance kan wayar da ke shiga LNB. In tagullar ta yi kore ko baƙi, yanke santimita 10, sa sabon kai, naɗe da tef, ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa don ruwa ya ɗiga waje. Ka cire dekoda daga wuta kafin ka taɓa, don tana tura volt 13 zuwa 18 cikin wayar, sili ɗaya na ragar da ke cikin wayar in ya taɓa tagullar tsakiya yana iya lalata dekodar.

Cikin jikka goman nan ka sayi wayar parabol samfurin RG6 mai tagulla ta gaske da sandar ƙasa mai mita 2, a binne ta inda ke da damshi, a ɗaure ta da ƙafar parabol da waya mai kauri. In an fara walƙiya, kashewa da telekomand bai isa ba: zare filogi, ka zare wayar parabol daga bayan dekoda.