Gyambon Ciki da Ƙwayar Cutar da ke Ɓoye a Bangon Tumbi: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 52. An zura min na'urar leƙa ciki, aka ga gyambo a tumbina, aka kuma ɗan tsinki nama daga gefensa. Sakamako ya nuna ina da ƙwayar cuta, kuma wai fatar wurin ta fara komawa irin ta hanji. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Sankara ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, abin da aka rubuta maka ba sankara ba ne. Sai dai ba abin da za a jefa a aljihu a manta ba ne kuma.

Bangon tumbi ta ciki yana lulluɓe da wani yauƙi mai kauri, shi ke hana ruwan asid cin naman tumbin kansa. Ƙwayar cutar da aka gano maka, Helicobacter pylori, takan kutsa cikin yauƙin nan ta yi zamanta shekara da shekaru, galibi tun mutum yana yaro. Garkuwar jiki ta yi ta faɗa da ita ba ta iya korar ta, sai wurin ya kasance cikin kumburi kullum. In abin ya daɗe, ƙananan gurabun da ke fitar da asid su ragu, fatar ta yi sirara, daga baya jiki ya maye gurbinsu da irin ƙwayoyin halittar da ake samu a hanji. Kamar tafin hannu ne da ya sha aikin ƙarfi har ya yi kanta: fatar ta sauya ne saboda wahalar da ta daɗe tana sha.

A shekarar 1975 wani likita ɗan ƙasar Kolombiya, Pelayo Correa, ya bayyana matakan da tumbi ke bi daga kumburi zuwa sirancewar fata, zuwa wannan sauyi naka, zuwa gurɓacewar ƙwayoyin halitta, sannan sankara. A 1994 kuma sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya wannan ƙwayar cuta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Na san jin haka na tayar da hankali. Amma tafiyar takan ɗauki shekaru masu yawa, kuma mafi yawan masu irin sakamakonka ba sa kaiwa matakin ƙarshe har abada.

Dalilin tsinkar nama daga gefen gyambon shi ne, tsakiyarsa mataccen nama ne da ba ya faɗin komai, a bakinsa ake samun ƙwayoyi masu rai. Wani lokaci sankara takan ɓoye da kamannin gyambo, shi ya sa ake so a sake leƙawa bayan kamar wata biyu a tabbatar ya warke. Kada ka tsallake wannan, ko da ka ji sauƙi sarai. In an kashe ƙwayar, kumburin yakan lafa. Fatar da ta riga ta koma irin ta hanji kuwa sau da yawa ba ta komawa yadda take, amma an cire abin da ke iza wutar. In kana shan taba ka bari, ka rage gishiri, ka kuma faɗa wa likitanka idan a cikin iyaye ko 'yan'uwanka na jini akwai wanda ya taɓa yin sankarar tumbi, domin hakan na sauya yawan bibiyar da za a yi maka.

Tambaya: Likita, tun tasowata nake jin cewa yunwa da yawan tunani ke kawo olsa. Yanzu kuma ana ce min ƙwayar cuta ce. Wace halitta ce za ta rayu cikin asid?

Amsa: 'Yar'uwa, su ma likitocin duniya haka suka ce da farko. Lokacin da Robin Warren da Barry Marshall suka raino ƙwayar a birnin Perth na Ostireliya a 1982, ba a ɗauke su da muhimmanci ba, har sai da Marshall ya shanye ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, ya kamu da kumburin tumbi. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Dabararta ita ce tana fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya a kewayenta, ya kashe kaifin asid ɗin da ke kusa. Siffarta kuma a murɗe take, da 'yan jela a bayanta, da su take ratsa yauƙin ta isa inda asid bai da ƙarfi. Wani abin ban mamaki: a fatar tumbi kaɗai take iya zama. To yaya take kawo gyambo a farkon ƙaramin hanji? Idan asid ya yi yawa yana kwarara can, fatar wurin takan sauya ta koma irin ta tumbi, sai ƙwayar ta sami masauki. Akasin abin da ya sami mai tambaya ta farko ke nan.

Yunwa da damuwa kan tsananta zafi ga mai gyambo, amma ba su ne tushensa ba. Babban dalili na biyu bayan wannan ƙwaya shi ne magungunan ciwon jiki irin su Ibuprofen, Diclofenac da Aspirin, masu raunana garkuwar bangon tumbi. A ganina waɗannan sun fi cancantar zargin da ake ɗora wa yunwa.

Tambaya: An ba ni magani na kwana 14, da na yi biyar ciwon ya tafi sai na daina. Bayan wata uku na yi gwajin jini, aka ce har yanzu ƙwayar na nan. Me zan yi?

Amsa: Kuskure biyu aka yi nan, ɗaya naka ɗaya na gwajin. Ciwon ya tafi ne saboda maganin rage asid, irin su Omeprazole, ya yi aikinsa. Masu kashe ƙwayar ba su gama nasu ba. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, kuma mai yiwuwa Clarithromycin, ɗaya daga cikin magungunan kashe ƙwayar da aka saba bayarwa, ba zai sake cin su ba, don haka kada ka je ka sayi irin na da. Likita zai sauya maka haɗi.

Gwajin jini kuwa alamar da garkuwar jiki ta bari yake gani, ita kuma takan daɗe a jini ko bayan ƙwayar ta mutu. Gwajin bayan gida ko na numfashi ne ke nuna ko tana raye. Ana yin sa aƙalla mako huɗu bayan gama maganin kashe ƙwayoyin cuta, da mako biyu bayan dakatar da maganin rage asid, in ba haka ba zai iya cewa babu alhali akwai.

Tambaya: Likita, mahaifiyata na shan maganin olsa, sai bayan gidanta ya koma baƙi. Mu damu?

Amsa: Ku duba kwalin maganin. In akwai Bismuth a ciki, ko tana shan maganin ƙarin jini, su kan baƙanta bayan gida, Bismuth har da harshe, ba tare da wata illa ba. Amma in baƙin mai danƙo ne kamar kwalta, da wari mai tsanani, ko tana jin jiri, ko ta yi amai da jini, ko cikin ya ɗaure da ciwo farat ɗaya, to gyambon ne ke zubar da jini ko ya huje. Ku kai Mama asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne, ku tafi da duk magungunan da take sha.