Hukuncin zuba zakka a asusun jinyar waɗanda likita ya sallama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu Hausawan wata unguwa ne a Gadarif, ƙasar Sudan. Tun da yaƙin Afrilun 2023 ya tsayar da aikin asibitin ciwon daji na Khartum, na Wad Madani ma ya bi baya a ƙarshen shekarar, masu ciwon daji da yawa suka dawo gida kwance. Mun buɗe asusu, ana tarawa bayan Juma'a, na nesa suna turowa ta manhajar banki ta Bankak. Muna sayen maganin rage zafi, muna biyan mai jinya, muna kuma son kama hayar gida. Ya halatta mu karɓi zakka? Wani dattijo ya ce kashe kuɗi a kan wanda ba zai warke ba asara ce.

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar dattijon nan ba ta da madafa. Haƙƙin majinyaci bai rataya a kan warkewarsa ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Allah zai tuhumi bawa ranar ƙiyama cewa Ya yi rashin lafiya bai gaishe Shi ba, domin bawanSa wane ya kwanta bai je duba shi ba. Ba a ware mai tashi da marar tashi ba. Wanda ba shi da kowa kuwa, jinyarsa farilla ce a wuyan jama'a, in wasu sun yi ta faɗi a kan saura.

Batun zakka shi ne ke son natsuwa. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade ta ga rukunin mutane takwas, ciwo kuma ba ya cikinsu, talauci da bashi ne ke ciki. Majinyacin da jinya ta cinye abin hannunsa ya cancanta. Ku karɓa a matsayin wakilansa, da saninsa ko na waliyyinsa, ku saya masa magani da abinci. Mai wadata ba a ba shi, ko da yana kan gargara. Kada mutum ya lallaɓo da zakkarsa ta asusun don ta koma kan iyayensa matalauta, ciyar da su dama wajibinsa ne.

Hayar gida, gadaje da albashin mai jinya, waɗannan da sadaka ko waƙafi ake yin su. Likkafani ma haka, malamanmu na Malikiyya ba su yarda a saye shi da zakka ba, amma sun yarda a biya bashin mamaci da ita. Don haka ku raba littafi biyu, kuɗin zakka daban, na sadaka daban, ku riƙa karanta wa jama'a lissafi. Rikicin ƙungiyoyinmu galibi daga aljihun ma'aji yake farawa. Majinyacin da ba Musulmi ba a kula da shi daga kason sadaka.

Maganin rage zafi mai ƙarfi irin mofin ya halatta saboda lalura, gwargwadon da likita ya rubuta. Ƙara shi da nufin gaggauta ajali kisan kai ne, ko da majinyacin ne ya roƙa. In hali ya yi, a daidaita lokacin shansa yadda zai samu yin sallah cikin hayyacinsa.

Wallahu a'alam.