Cire kan feshin ruwa daga bonet kafin fenti, da batun kuɗin aikin

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce rana ta cinye fentin bonet ɗin Corolla ɗinka, mai fenti kuma ya ce ba sai an cire kawunan feshin ruwan gilashi ba, zai rufe su da salatif. Kana tambayar yadda ake cire su da kuma nawa aikin zai ci.

Ni dai shawarata a cire. Idan aka rufe aka fesa, fenti yakan tsaya a gefen robar ya yi ɗan tudu, kuma wurin nan kullum a jiƙe yake da ruwan sabulu. Daga nan kiliya, wato hawan ƙarshe mai sheƙi da ake fesawa a kan launi, ke fara ɗagowa. Na ga bonet da yawa da ɓawon ya soma daidai zagayen nan, ko shekara ba a yi ba.

Cirewar ba wuya, sai dai tana son haƙuri. Ɗaga bonet ka duba ta ciki. In akwai baƙin bargon nan mai tare zafi, maɓallan roba ne ke riƙe da shi, ka ɓalle na kusa da gilashi kawai ka lanƙwaso shi. Za ka ga siririn tiyo ya shiga gindin kan feshin. Kada ka fizge shi. Murɗa shi kaɗan-kaɗan kana ja, in ya ƙi ka zuba masa ruwan ɗumi ya yi laushi. Bayan ya fita, a gindin akwai 'yan kunnuwa biyu na roba da suka kama ƙarfen. Matse su da filaya mai siririn baki, ka tura sama da yatsa, zai fito ta waje. Abin da ba a so shi ne a sa sukudireba ta sama a ɗago, don ko ka karce ƙarfe ko kunnen ya karye. Wasu motocin noti ne a ƙasa, kwancewa kawai za ka yi. Wasu na Turai kuma, irin Volkswagen da Marsandi, za ka tarar da waya a jiki. Ta ɗumama kan ce saboda ƙanƙara, ka zare soket ɗin tukuna.

Robar da ta sha rana shekara da shekaru tana iya ɓarewa a hannunka ko da ka bi a hankali, don haka kada ranka ya ɓaci. Ana samun su a wurin masu kayan gyara, Kofar Ruwa in kana Kano, Panteka in kana Kaduna. Ka tafi da tsohon a aljihu, saboda ramin bonet ba iri ɗaya ba ne. 'Yar robar da ke ƙarƙashinsa ma ka adana ta.

To, kuɗi. Duk wanda ya faɗa maka farashi bai ga motar ba, zato yake yi. Kayan fenti daga waje ake shigo da mafi yawansu, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsu ke bin dala, abin da wani ya biya a da ba zai yi maka amfani ba. Abin da zan iya gaya maka shi ne inda kuɗin ke tafiya. Fesawar kanta 'yar lokaci ce. Aikin yana wajen gogewa. Bonet ɗin da kiliyarsa ta yi fari tana ɓarewa sai an goge ta gaba ɗaya, a cike inda tsakuwa ta sara, a sa firaima, a sake gogewa, sannan launi, sannan kiliya. Mai arha a nan yake rage hanya, ya shafa samfefa sama-sama ya fesa a kan ruɓaɓɓen fenti.

Launi ma yana canza lissafi. A Toyota lambar fenti na jikin takardar da ke ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. 040 fari ne zalla, 202 baƙi, waɗannan ba su da rigima sosai. 1F7 ruwan azurfa ne mai ƙyalli, shi kuma in aka fesa bonet kaɗai sau da yawa ana ganin bambanci da fenda, shi ya sa mai fenti na kirki zai ce a ɗan shigar da launin saman fendojin biyu. Kuɗi ya ƙaru kenan. 070 kuwa, farin nan mai sheƙin lu'ulu'u, hawa uku ake yi masa, ya fi su tsada.

Sai batun wuri. Fentin ɗakin gashi, wato rufaffen ɗakin da ake fesawa a busar da zafi, ya fi na bakin titi tsada, amma in lokacin hunturu ne ni ba zan yarda a fesa mini bonet a fili ba. Ƙura na sauka kan ɗanyen kiliya, kuma bonet shi ne abin da idonka ke kai duk sanda kake tuƙi.

Ka zaga wuri biyu ko uku, kowa ka tambaye shi zai goge har ina, wace kiliya zai sa, kuma farashin ya haɗa da fenda ko a'a. Ka nemi ganin motar da ya yi wata shida baya, ba ta jiya ba.

Idan an gama, bari fentin ya yi kwana biyu kafin ka mayar da kawunan. Kafin ka haɗa tiyo, danna ruwa ya wanke dattin ciki. In irin mai ɗan ƙwallo ne a baki, allura za ka sa ka saita shi ya bugi tsakiyar gilashi. Man goge mota kuma ka ɗaga masa ƙafa kamar wata guda. Allah ya sa a dace.