Tambaya da Amsa: Me ya sa matsin jini ke lilo a samfurina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a jami'ar KNUST, mazauniyar Asawase a Kumasi. An ba mu aikin gina samfurin lissafi a kwamfuta na yadda jijiyoyin saƙo masu aiki da kansu ke tsuke hanyoyin jini ko su sake su. Na rubuta shi da yaren kwamfuta na Python, amma matsin jinin ya ƙi zama wuri ɗaya, sai lilo yake yi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Fara duba ma'auni. Matsakaicin matsi shi ne jinin da zuciya ke turawa sau turjiyar hanyoyin jini. Mai matsin jini 120/80 matsakaicinsa kusan 93 mmHg ne (mmHg ma'aunin matsi ne), zuciya kuma tana tura kamar lita 5 a minti, wato mililita 83 a daƙiƙa, turjiya ta kama kusan 1.1 ke nan. In kika gauraya minti da daƙiƙa, komai zai rikice.

Amma jinkiri muka fi zargi. Masu jin matsi suna bangon jijiyar karotid a wuya da lanƙwasar awota (babbar hanyar jini da ke fita daga zuciya), su ke kai labari gindin ƙwaƙwalwa. Da matsi ya faɗi, reshen jijiyoyin saƙo da ake kira simfatetik zai saki sinadarin noradiranalin a kan ƙananan hanyoyin jini su tsuke. Sai dai ba nan take ba: daƙiƙa 2 zuwa 3 kafin su soma, kamar 10 ko fiye kafin su kammala. Gyaran da ya iso a makare, in ya zo da ƙarfi, wuce gona da iri yake yi, sai a sake gyara shi a makare. Lilon ke nan. Ki rage ƙarfin martanin da rabi ki sake gwadawa.

Wani tarkon kuma: turjiya tana ƙaruwa ne in faɗin hanya ya ragu, kuma a lissafin ana raba ta da faɗin sau faɗin sau faɗin sau faɗin. Hanya ta tsuke da kashi 10 cikin ɗari, turjiya ta haura da kusan kashi 52. In faɗi kike sarrafawa, martaninki ya fi yadda kike zato zafi. Ki kuma sa masa iyaka sama da ƙasa da lanƙwasa mai siffar S, don hanyar jini ba ta tsukewa har abada.

Kada ki kashe lilon ƙurmus. A jikin mai lafiya ma akwai ɗan kaɗan, kusan kowane daƙiƙa 10, ana ce masa igiyoyin Mayer, kuma samfurin da ya fito da shi ya fi burge mu.

Jijiyar fegas, wato jijiyar saƙo mai rage bugun zuciya, ki ɗora ta a kan bugun zuciya kawai. Tana aiki cikin bugu ɗaya, amma ba ta da iko a kan yawancin hanyoyin jini.

Gwajin ƙarshe shi ne miƙewa tsaye: karkatar da jini mililita 500 zuwa ƙafafu. Ya kamata matsi ya faɗi, ya farfaɗo cikin rabin minti. In matsin sama (kamar 120 a 120/80) ya ragu da 20 mmHg ko fiye ya zauna haka har minti 3, samfurinki ya zama mai jiri in ya tashi, sai ki ƙara ƙarfin martanin kaɗan-kaɗan.