Mun sha kashi sau uku a jere, me za mu yi?

Ɗan'uwa, ka ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai da kake wa kyaftin a jami'arku a Jidda ta sha kashi sau uku a jere, har 'yan wasa sun fara zargin juna. Zargin nan ya fi rashin nasarar damuna.

Kada ku tattauna a daren da aka doke ku, lokacin da zukata ke tafasa. Ku bari sai washegari, ku kalli bidiyon wasan ko da na waya ne, ku lura da lokacin da ƙwallaye suka shiga. Idan galibi bayan hutun rabin lokaci ne, to mai yiwuwa gajiya ce da ƙarancin shan ruwa a zafin Jidda, ba laifin mai tsaron gida ba, wanda shi ake gaggawar ɗora wa komai. Ka tuna Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2-1 a wasansu na farko na gasar cin kofin duniya a Ƙatar a 2022, amma kocin Ajantina ya sauya wasu 'yan wasa, suka gyara, suka ɗauki kofin.

Wanda gwiwarsa ko idon sawunsa ya kumbura kada ya daure ya buga, ya ga likita. Wanda damuwa ta hana shi barci ko karatu kuwa, ka raka shi wurin mai ba ɗalibai shawara.